ZAƁEN LAUNI DON SANARWAR WAYA DA KWAMFUTA

A zamanin yanzu sanarwa da yawa ta fuskar waya ta ke isa ga jama'a, ko ta allurar rigakafi ce, ko ta ranar jarrabawa, ko gargaɗin ambaliyar ruwa. Idan mai tsara ta ya yi kuskuren launi, sai rubutu ya ɓace, saƙo ya faɗi ƙasa banza, wanda aka yi domin shi ya cutu. Saboda haka ya wajaba ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai su kiyaye da waɗannan ƙa'idodi.

1. Haske da duhu

Abin da ya ke sa rubutu ya karantu shi ne ratar haske tsakaninsa da shimfiɗarsa, wato farfajiyar da aka ɗora shi a kai. Almajiri ya san wannan tun tuni, shi ya sa ya ke rubutu da baƙar tawada a kan allo mai haske.

A shekarar 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idodin shafukan intanet, ta fitar da ma'aunin wannan rata. Baƙi a kan fari shi ne ƙarshen ma'auni, wato 21 bisa 1. Ƙananan haruffa suna bukatar aƙalla 4.5 bisa 1, manya kuwa 3 bisa 1. Ruwan ɗorawa a kan fari da ƙyar ya ɗara 1 bisa 1, don haka ba ya karantuwa ko kusa. Akwai shafukan intanet masu auna wannan rata kyauta.

2. Launukan da su ke zama lafiya da juna

Masana suna jera launuka a da'ira, bisa hanyar da Isaac Newton ya nuna a Ingila a 1704. Maƙwabta a da'irar, kamar shuɗi da kore, suna kwantar da ido. Masu fuskantar juna, kamar shuɗi da ruwan goro, suna fizgo hankali, sai a ajiye su domin abu mafi muhimmanci, kamar kwanan wata ko lambar waya.

Launi uku sun isa: guda na shimfiɗa, guda na rubutu, guda na jan hankali. Gishiri ma in ya yi yawa ɓata miya ya ke yi. Tutar Nijeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, kore da fari kaɗai gare ta, amma ana shaida ta tun daga nesa.

3. Ba idanu duka ne ɗaya ba

Akwai mutanen da aka haifa ba su iya rarrabe ja da kore sosai. Abin gado ne, kuma ya fi samun maza. A cikin Turawa ya kan sami kamar namiji ɗaya cikin 12, mace ɗaya cikin 200. Don haka kada a ɗora jan rubutu a kan kore, kuma kada a dogara ga launi shi kaɗai. In an sa ja domin hani, a rubuta kalmar hani a gefensa. Tsofaffi ma, da masu yanar ido, ruwan toka mai haske wahalar da su ya ke yi.

4. Gwaji kafin aikawa

Fuskar waya haske ta ke haɗawa, ja da kore da shuɗi, takarda kuwa tawada ta ke sha. Dalili ke nan launin da ya yi kyau a kwamfuta ya kan dushe wajen bugu. Kafin a saki sanarwa sai a yi abu uku:

(a) A mayar da ita baƙi da fari. In ta karantu a haka, ratar ta isa.
(b) A fita da waya tsakar rana a duba, domin yawancin jama'a a kasuwa da gona da tasha su ke karatu.
(c) A miƙa wa wani dattijo ya karanta. In ya yamutsa fuska, a koma a gyara.

Sanarwar da dattijo ya karanta a rana ba tare da wahala ba, ita ce ta cancanci a aika wa jama'a.