Gaskiya ko Jita-jita: Birkin Faifai Ba Ya Shan Baƙin Mai

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, keke ya dawo da martabarsa a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Wanda ya tsaya bakin titi a Katabu da sassafe zai ga ɗalibai da leburori suna murza feda, wasu sun nufi Rigachikun da Kawo, wasu Jaji. Sai dai ba duka ne Rali da Phoenix irin na iyayenmu ba. Da yawa kekunan gwanjo ne masu faɗin taya, waɗanda aka ƙera don hawan duwatsu, kuma birkinsu ba ya kama gargare. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar ƙafar, sai 'yan takalma biyu, kowanne bai wuce kan babban yatsa ba, su matse shi. Keken sabo ne a wurinmu, amma ilimin da muke gyara shi da shi na tsohon keke ne, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ɗan yayata ne ya fara jawo hankalina. Ya shigo gida da kekensa yana cewa, "Kawu, birkin nan kuka yake ta yi, mai gyara ya ce ƙishin mai ne, ya ɗiga masa." Na karɓa na ɗan zagaya, na matse hannun birkin har ya taɓa kan keken, amma ƙafa tana ta juyawa abinta. Yaron da ke ratsa tsakanin tireloli da tankokin Mararraban Jos kullum, shi ne aka sallamo da wannan.

Maganar ƙishin mai jita-jita ce, kuma a cikin duk abin da ake faɗa a kan birkin faifai babu wadda ta kai ta haɗari. Fuskar takalmin tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, tana tsotse mai kamar yadda bulo ke shan ruwa. Da ya sha, ya daina kamu, kukan ma yakan dawo fiye da da. Ba sai an ɗiga da gangan ba: feshin man sarƙa da iska ta kaɗa, ko hannun da ya gama cin ƙosai ya shafi faifan, duk suna iya ɓata shi. Wasu sukan ce a gasa takalmin a wuta mai ya ƙone. Wani lokaci ya ɗan farfaɗo na kwana biyu, amma zafin na iya raunana abin da ya manne fuskar da ƙarfen bayanta, kuma ba ka son ta ɓamɓare kana tsakiyar gudu. Faifan kam yana wankuwa, da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta, ba da kananzir ko gas ba, don su ma maiƙo suke bari. Takalmin da ya sha mai sosai, sai dai a jefar. Kuka kuwa yakan zo daga jiƙa, ko karkacewar gidan birkin, ko fuskar da ta yi santsi don zafi, wadda samfefa ke gyarawa.

Sai maganar da aka fi ji a shagon kayan keke: "Ɗauki na ƙarfe, ya fi ƙarko." Wannan rabinta gaskiya ce. Takalman iri biyu ne manya, sai na tsakatsaki. Akwai wanda aka haɗa da zaruruwa aka ɗaure da ƙaro, shi ne mai laushi. Ba ya yawan ƙara, yana kamawa nan take ko da sanyin safiya, kuma ba ya cin faifai sosai. Akwai kuma wanda aka yi da garin ƙarfe, har da jan ƙarfe, aka matse da zafi har ya dunƙule. Shi yana jure ruwa da yashi da zafin doguwar gangara, amma yana da surutu, kuma yana cin faifai.

Mu a Katabu ba mu da gangarar Kagoro ko ta Jos da za ta gasa birki. Abokin gabarmu jar ƙasa ce. Da damina ta kankama a watan Agusta, taɓon hanyoyin unguwa da na gona yana haɗuwa da yashi ya zama tamkar samfefa, ya cinye takalmi mai laushi kafin ka ankara. Wanda ke bin burji kullum, ko yake ɗora buhun masara a baya, yana da hujjar neman na ƙarfe. Wanda hanyarsa kwalta ce daga gida zuwa makaranta, mai laushin ya ishe shi, ya kuma fi araha. Amma kafin kowa ya yanke shawara, ya durƙusa ya karanta jikin faifansa. Faya-fayan kamfanin Shimano masu sauƙin kuɗi, irin waɗanda suka fi zuwa a kekunan gwanjo, da yawansu an buga musu "Resin Pad Only", wato mai laushi kaɗai aka yarda a sa musu, domin ƙarfensu ba a gasa shi ya yi taurin da zai jure ɗayan ba. Ka sa masa na ƙarfe don gudun sayen takalmi sau biyu, ka ƙare da sayen faifai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

"Ai duk ɗaya ne, in bai shiga ba a goge shi." A'a. Kowane gidan birki da siffar takalminsa. Gaskiya ne akwai wata siffa da ta yaɗu, wadda Shimano ke kira B01S, magajinta kuma B05S, tana shiga birkunansu masu araha da na Tektro da dama, shi ya sa ake zaton kowa ma haka ne. Na SRAM da Avid da Magura daban suke. Ka zare tsohon, ka sa a aljihu tare da ɗan ƙarfen da ke buɗa su, ka je ka gwada a gaban mai shago. Sunan da ke jikin kwali kuwa ba shaida ba ne, ko jabu ma yana da kwali.

Akwai kuma wanda zai sa sabo, ya ji bai kama ba, ya koma yana zargin mai shago da cuta. Sau da yawa mai shagon ba shi da laifi. Sabon takalmi sai ya saba da faifai, ya shafa masa wani siririn shafi daga jikinsa, sannan kamun ya zauna. A sami fili, a ɗan yi gudu, a matse birki da ƙarfi har keke ya kusa tsayawa, a saki, a maimaita kamar sau 20. Kada a tsaya cak da birki a matse. Minti goma ne, amma kusan babu mai yi.

Masu cewa a bari sai an ji ƙarfe na gogar ƙarfe, lissafin Rali suke yi, inda guntun roba ne kawai asarar. Shimano ta ce a canza idan naman takalmin ya koma milimita 0.5. Faifansu yana zuwa da kaurin milimita 1.8, kuma idan ya kai 1.5 ya gama aiki. Tazarar ba ta da yawa, 'yan kwanaki na gogar ƙarfe sun isa su kassara shi. Haka kuma, idan birkin na waya ne, nisan da hannu ke yi ba lallai ƙarewar takalmi ba ne. A yawancin irinsu gefe ɗaya ne ke motsi, ɗayan yana tsaye, sai an riƙa matso da shi da ɗan maɓallin da ke ɓangaren ciki yayin da yake cinyewa.

Birkin da ke aiki da mai maimakon waya kuwa, a nan nake roƙon kanikawanmu. Ba kowane man birki ne na kowane keke ba. Shimano da Tektro da Magura nasu mai daban ne, wanda ake kira mineral, yawancin na Avid da tsofaffin SRAM kuma DOT suke sha, dangin na mota. A zuba na mota a Shimano, robobin ciki su kumbura, mai ya tsiyayo kan sabon takalmin da ka saya jiya. Irin man da ake bukata yana rubuce a murfin ɗan tankin da ke jikin hannun birkin.

Keken ɗan yayata dai sai da muka shiga gari muka nemo mai laushi, tunda abin da faifansa ya ce ke nan. Muka wanke faifan sau uku, ya yi ta kai da kawowa a bayan gida har birkin ya kama. Baƙin mai kuma na ce ya bar wa sarƙa shi, ya riƙa rufe faifan da leda duk ranar da zai ɗiga.