Gujiya, Abincin Yaro Daga Tsohuwar Gona

Ya ku masu gida na Likoro da kewaye, ga wata shuka da muka raina don gajartarta. Gujiya ce, wadda wasu ke kira kwaruru. Ba baƙuwa ba ce kamar gyaɗa da ta zo daga Amurka ta Kudu. Masana sun sami ta daji tana fitowa da kanta daga wajen Jos har Yola da Garwa.

Tsayinta ba ya wuce ƙafa ɗaya. Ganyenta uku-uku ne a kan dogon sanda, furenta ƙanana ne, rawaya, suna ɓoye a gindi. In furen ya ɗauki ciki sai sandansa ya sunkuya ya shiga ƙasa, kwanson ya girma a can da ƙwaya ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake tara mata ƙasa a gindi in ta fara fure. Wanda ya yi ƙyuyar wannan, ya rage wa kansa amfani.

Kada a kai ta fadamar rake, ruwa mai kwanciya yana ruɓar da ita. Jigawa take so, ko tudun da ya gaji da dawa. A saiwarta akwai 'yan ƙululu masu ƙwayoyin halitta da ke jawo taki daga iska, don haka ba ta roƙon taki da yawa. In ma ya yi yawa, ganye za ta yi ta yi. Cikin wata 4 ko 5 an tone.

To, ga dalilin da ya sa ma'aikacin ɗakin magani ke maganar gona. Sau da yawa akan kawo mini yaron da aka yaye, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. In tambayi uwar abincinsa, ta ce koko, safe da yamma. Tamowa ke nan. Koko yana cika ciki, amma ba ya gina jiki. Kusan kashi ɗaya cikin 5 na gujiya abinci ne mai gina jiki.

A jiƙa ta ta kwana, don tana da tauri, a dafa ta yi lugub, a dame da ɗan mai. Ko a niƙa garinta a dafa cikin kunu. Daga wata 6 ana ba yaro, ana kuma ci gaba da nono. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwaya guda, tana iya shaƙe shi. A ajiye ta cikin kwansonta saboda ƙwari, wadda ta yi fumfuna kuwa a zubar.