Birin Gardi da Birin Dawa

Yaron da ya tashi a Kawo ko Unguwar Rimi da wuya ya taɓa ganin biri yana cin gashin kansa. Wanda ya sani shi ne na gardi, mai 'yar riga, yana tsalle a bakin tasha ana jefa masa kuɗi. Ana ganin wuyan biri a ɗaure shi a ƙugu, in ji Bahaushe, kuma har yau nan ɗin ake ɗaure shi.

Galibi jan biri ne, ɗan fili ba ɗan kurmi ba. Dogayen ƙafafu gare shi, kuma duk dangin birai babu mai gudunsa: yakan kai kilomita 55 a awa. Namiji ɗaya ke tare da garken mata, aikinsa gadi. Sai ya hau kututture ko suri yana leƙe, in ya hango kare ko maharbi ya ja hankalinsu wani gefe, iyali su sulale. Cimarsa ƙaro da fara da 'ya'yan itace, sai kuma masara da gyaɗar mutane, abin da ya ja masa baƙin jini wurin manoma. Wannan dabba ce ake tsarewa da igiya kamu uku.

Ɗan'uwansa kirka, mai baƙar fuska da farar gira, ya fi son itatuwan bakin rafi. Su biyun da gwaggon biri duk akwai su a dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun dajin ƙasa a 1999. Biran kurmi na sosai sai an gangara kudu, can Kuros Riba ko Gashaka Gumti a Taraba.

Tsofaffi kan ce biri mutum ne da aka juyar, suna tuna ƙissar waɗanda suka kama kifi ranar Asabar. Malamai sun gyara zancen: waɗanda aka shafe ba su bar zuriya ba, biri halitta ce mai zaman kanta. Amma fa biri ya yi kama da mutum, kuma a harkar cuta kamar ta yi yawa. Tarin fuka da ƙyanda na mutum suna kama shi, su kashe shi. Sauro kan ɗauko shawara daga jinin biran daji ya kai wa manomi ko mai saran itace.

Ƙyandar biri kuwa, a ganina an ɗora masa laifin da ba nasa kaɗai ba. A jikin biran ɗakin bincike aka fara gano ta a Denmak a 1958, amma masana sun fi zargin ɓeraye da kurege da ɓoye ta. Da ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017, yawanci tsakanin mutane ta yi ta yaɗuwa.

Biri a hannun malami yakan yi guɗa, a hannun Bamaguje sai kuka. Ni dai ban yarda akwai hannun da biri ke guɗa a cikinsa ba, domin ɗan birin da ake tallarsa, sau da yawa sai an harbe uwarsa ake ɓanɓaro shi daga ƙirjinta. Kada ka saya wa yara. In kuwa ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a nufi asibiti a ranar.