Girkin Taro A Gombe: Yadda Ake Lissafin Wake, Nama Da Barkono

GOMBE: Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, birnin Gombe ya riƙa cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma tarurrukan aure da suna da walima suka yawaita. Wannan ya buɗe ƙofar sana'ar girkin taro, inda ake bai wa mai dafuwa kwangilar ciyar da ɗaruruwan mutane a yini guda. Abincin da ke saurin ƙosar da jama'a cikin rahusa shi ne shinkafa da wake tare da jar miya mai nama da attaruhu. Riba ko asara a wannan sana'a tana ga lissafin da aka yi kafin a ɗora tukunya.

Matakin farko shi ne sanin yawan baƙi, sa'an nan a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda 'yan gayyar soɗi. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ishi mutum 8 zuwa 10, don haka buhu mai kilo 50 zai ciyar da mutum 400 zuwa 500. Wake kuwa yana kumbura fiye da ninki biyu in ya dahu, kuma kilo ɗaya yakan wadaci kimanin mutum 15 idan da shinkafa aka haɗa shi. Nama ba a lissafa shi da nauyi kaɗai. Ana ƙidaya shi yanka-yanka, domin kowane kwano ya sami rabonsa.

Barkono ne ke da wuyar sha'ani. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, Turawan Fotugal suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya a ƙarni na 16, kuma zafinsa ya bambanta daga kwando zuwa kwando. Saboda haka ba a ninka attaruhu kamar yadda ake ninka tumatir. Abin da ya fi dacewa shi ne a yawaita tattasai domin launi da kauri, a sassauta attaruhu, a ajiye dakakken yaji a gefe ga mai bukata, tun da a taro akwai yara da tsofaffi da masu gyambon ciki.

Lokacin saye ma yana da tasiri. Ana samun wake da shinkafa a kasuwar Tudun Hatsi, kayan miya kuma na shigowa daga gonakin rani na yankin Dadin Kowa da kasuwar Kwadon. Tumatir da tattasai suna araha daga Janairu zuwa Maris, su yi tsada a farkon damina, lokacin da masu dafuwa ke komawa ga kauɗa da tumatirin gwangwani. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta lalata gonakin tumatir a arewacin ƙasar nan, farashi ya ninka sau da dama, haka kuma janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dako. Don haka mai kwangila ya kamata ya karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan busasshe nan take, ya kuma rubuta yarjejeniya kan yawan kwanuka, tare da sanya kuɗin itace ko gas, da hayar tukwane, da ladan mataimaka.

Akwai kuma batun lafiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ya wajaba a guji waken da ke warin magani, a wanke shi sosai, a zubar da ruwan tafasar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai, kuma a riƙe shi da zafi sama da digiri 60 har a raba. Babbar tukunya ba ta hucewa da wuri, kuma a zafin Gombe na Maris da Afrilu wake kan yi tsami cikin 'yan sa'o'i. Mafita ita ce a raba girki tukunya-tukunya bisa lokacin isowar baƙi, a zuba a manyan kuloli.

A wurin rabo, ludayi ɗaya ake tsayarwa a matsayin ma'auni, a ware mai zuba miya da mai sa nama, a kuma fitar da kason ɓangaren mata da na maza tun da farko. Mai kwangilar da abincinsa ya ƙare kafin baƙi su ƙare, ko ya ɓata wa mutane ciki, da wuya a sake kiransa, domin a wannan sana'a shaidar baki ita ce talla.