Jinyar Ƙarshe a Douala: Gida ko Asibiti, Wanne Ya Fi Cin Kuɗi?

Tsakanin unguwannin Bonapriso da New Bell tafiyar 'yan mintuna ce a kan bensikin, wato babur ɗin haya. Amma ranar da likita ya ce ciwon daji ya wuce magani, sai tazarar ta fito fili. Mai hali a Bonapriso yana iya kama ɗaki a asibitin kuɗi ko ya nemi bizar Faransa. Mai shago a New Bell kuwa 'yan uwa zai tara a yi shawara: a bar mara lafiya a asibiti, ko a maido shi gida?

Tambayar ta shafi gidaje da yawa. Ƙididdigar GLOBOCAN ta 2020 ta nuna Kamaru na samun sabbin masu ciwon daji sama da 20,000 a shekara, sama da 13,000 kuma na rasuwa. Sankarar mama da ta bakin mahaifa ne kan gaba, kuma akasarin marasa lafiya ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki.

A Babban Asibitin Douala ko na Laquintinie, kusan komai daga aljihu yake fitowa: kuɗin gado, gwaje-gwaje, ledar jini, ƙarin ruwa, iskar oksijin, har safar hannu da sirinji. Abinci da wanki na mai jinya ne, wanda sau da yawa a tabarma yake kwana. Kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a ƙasar iyalai ne ke biya kai tsaye. Shirin lafiya ga kowa da gwamnati ta ƙaddamar a Afrilun 2023 ya sauke kuɗin wankin ƙoda zuwa sefa 15,000 a shekara, amma matakinsa na farko bai haɗa da ciwon daji ba. Ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi, sefa 60,000 a wata, 'yan kwanaki a gado sun isa su cinye albashin. Daga nan sai adashi, sai taimakon masallaci, sai sayar da gwal ɗin uwargida.

Shi ya sa da yawa ke zaɓar gida. Babu kuɗin gado, babu zirga-zirga, ga dangi, ga mai laƙƙana kalmar shahada. In rai ya yi halinsa, a yi sutura a ranar, ba a biya kuɗin ɗakin ajiye gawa ba. Wasu ma kan kwashi mara lafiya zuwa garinsu, kamar Ngaoundéré ko Garoua, tun da sauran numfashi, don kai gawa ya fi tsada.

Sai dai gida ma yana da nasa lissafin, wanda ba a rubuta shi a rasit. Matar da ke tuyar ƙosai ta ajiye kasko, 'yar makaranta ta daina zuwa aji, ga bandeji da kunzugun manya, ga masu maganin gargajiya da ke alkawarin waraka. Mafi muni shi ne raɗaɗi. Farasitamol da tiramadol ba sa kashe zafin ciwon da ya kai ƙashi, mofin kuwa sai da takardar likita ta musamman, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba.

Uganda ta nuna akwai hanya ta uku. Tun 1993 Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa, inda ake haɗa mofin na sha mai araha, ma'aikatan jinya na bin marasa lafiya har gida. A 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta buƙaci ƙasashe su shigar da wannan kulawa ta rage raɗaɗi cikin tsarin lafiyarsu.

Don haka duk iyalin da zai ɗauke mara lafiyarsa daga asibiti, kada ya fita sai ya karɓi takardar maganin raɗaɗi, ya koyi wanke gyambo da juya mara lafiya, ya kuma samu lambar ma'aikacin jinyar da zai riƙa leƙowa.