Cinikin Akwatin Soket A Kasuwannin Iyaka: Abin Da Ya Kamata A Duba Kafin A Sari

Duk wanda ke shiga kasuwannin bakin iyaka, kama daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Maigatari da Mubi ta wajen Kamaru, ya san cewa rumfunan kayan aikin kanikawa sun yawaita ƙwarai. A cikin waɗannan rumfuna kuwa babu abin da ya fi ɗaukar ido kamar akwatunan nan na roba, ja ko shuɗi ko kore, da ake buɗewa a jingine domin mai wucewa ya ga ƙarafa jere reras suna walƙiya. Su ne saitin soket, wato sifanar nan mai kama da ɗan ƙoƙo da ake kifa wa noti a juya shi da hannu na musamman, wadda masu Faransanci ke kira douille, wasu kanikawan Najeriya kuma suke ce mata bokis. Kaya ne mai tafiya, kasancewar babura da motoci da injinan ban ruwa sun cika ko'ina, to amma fa kaya ne mai saurin ɓata tsakanin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Wanda ya sayi takalmi yana iya yin watanni bai gane an cuce shi ba, bakanike kuwa a notin farko da ya cije yake ganewa, kuma ran kasuwa mai zuwa zai dawo da fasasshen ƙarfe a aljihu, ya ajiye maka shi a gaban jama'a.

Abu na farko da ke ruɗar mai sari da mai saye baki ɗaya shi ne lambar da ake bugawa ƙatuwa a bayan akwati: guda 46, guda 94, guda 108. Masu ƙera kayan sun san ido na son yawa, saboda haka komai ƙirgawa suke yi, har da 'yan ƙananan kawunan sukurudireba da bakanike zai shekara bai taɓa ba. Alal misali, ƙaramin akwatin nan mai guda 46 da aka fi gani a kasuwa, soket na gaskiya da ke cikinsa 13 ne kacal, daga milimita 4 zuwa 14. Wannan zai yi wa mai gyaran fanka ko janareta ƙarami amfani, amma wanda ya sayar wa mai gyaran Hilux da shi da sunan cikakken saiti ya jawo wa kansa magana, domin notin tayar motar kaɗai lamba 21 ne.

Shi ya sa muke ganin tambayar da ta kamata ɗan kasuwa ya fara yi wa kansa ita ce: wace irin mota ce ke tsayawa a garejin garinmu? Domin kuwa ƙasashe ba su daidaita a kan girman kan noti ba. Motocin Japan irin su Toyota da Nissan da Honda, da akasarin baburan da aka kwaikwayo daga na Japan, suna tafiya ne a kan lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 da 19. Motocin Turai kuwa, irin su Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975 da Mercedes da Volkswagen, inda Bajapane ya sa 12 su 13 suke sawa, inda ya sa 14 su 17 ne a tsofaffin motoci, a sababbi kuma 16, haka nan 18 ta maye gurbin 19 a wurare da dama. Abin takaici shi ne, saiti mai araha ya saba tsallake 16 da 18 ɗin nan, kuma mai saye ba ya lura sai ya shiga ƙarƙashin mota. Har ila yau, motocin Turai sun cika amfani da kan nan mai siffar tauraro da ake kira Torx, saboda haka a garin da Peugeot da Golf suka yi yawa, akwatin da ba shi da su gurgu ne.

Ga 'yan uwanmu masu sayarwa a garuruwan da kabu-kabu da injinan fadama suka fi mota yawa, akwai wani ɗan abu da ake mantawa. Manyan akwatuna sukan zo da soket ɗin fulogi biyu, 16 da 21. Na 21 ɗin yana kwance fulogin injin ban ruwa, na 16 kuma na ƙananan babura, amma babura da yawa masu inji 125 fulogi lamba 18 suke ɗauka, wanda ba ya cikin akwatin. Wanda ya ajiye shi daban a rumfa ba zai rasa mai nema ba. Batun saitin inci kuwa, kada a ɗaure jari a kansa don kawai ana shigo da motoci daga Amurka, domin Camry ko Corolla da aka ƙera a can ma milimita ce. Masu buƙatar inci su ne masu gyaran Caterpillar da tsofaffin taraktocin Massey Ferguson da makamantansu, kuma ba su da yawa.

Sai girman ramin nan mai kusurwa huɗu da hannu ke shiga, wanda duk duniya da inci ake auna shi. Kwatan inci na ƙananan ayyuka ne, 3/8 matsakaici, rabin inci shi ne na aikin mota na yau da kullum, su kuwa masu gyaran tirela da notin tayarsu ke kai wa 32 ko 33, sai mai 3/4 ko inci guda. Bakanike mai kuɗin akwati ɗaya tak, rabin inci daga 10 zuwa 32 za a nuna masa.

To, mu zo kan ƙarfen kansa, inda nan ne gizo ke saƙar. Kusan kowane soket a kasuwa ɗauke yake da tambarin Cr-V, ma'ana an gauraya ƙarfen da sinadaran kurom da banadiyam domin ya yi ƙarfi ba tare da ya yi gautsi ba. Sai dai buga waɗannan haruffa ba ya cin ko dala, kuma ko ƙarfen na kirki ne, idan ba a gasa shi an kashe shi yadda ya kamata bayan ƙira ba, aikin banza ne, kamar yadda kowane maƙeri a garinmu zai shaida game da wuƙa ko gatari. Wanda bai gasu ba bakinsa buɗewa yake yi ya riƙa zamewa, wanda ya wuce kima kuma tsagewa yake yi farat ɗaya. Ƙyalli ba shaida ba ne, shafe ne kawai. Maganaɗisu ma ba ya raba gardama, tunda mai kyau da marar kyau duk kama shi suke yi.

Abin da ke raba gardama shi ne gwaji, kuma ba ya buƙatar komai sai 'yan noti sababbi, lamba 10 da 13 da 17, da magagari a aljihu ranar sari. A kifa soket a kan noti a girgiza. In ya zauna daram da ɗan motsi kaɗan, madalla, in kuwa yana rawa kamar faifai a bakin tulu, to shi ne zai cinye kusurwar notin mai mota ya mayar da shi kamar ƙwallo, aikin minti biyar ya koma na yini guda da kurfi da guduma. A goga magagari a gindinsa: mai kyau zai ɗan karce ne da ƙyar, marar kyau kuwa magagarin zai nutse cikinsa. A leƙa ciki a ga ko shafen yana ɓarewa, domin ɓawonsa yana yanka yatsa kamar reza. A duba ko kaurin bangon ya daidaita ta kowane gefe. A kuma tabbatar lambar a jikin ƙarfe aka huda ta, domin wadda aka rubuta da fenti baƙin mai da yashi za su share ta cikin 'yan makonni. In dillali ya yarda, a sadaukar da soket guda daga cikin katon, a kai wa bakanike amintacce ya gwada shi a kan notin taya kafin a biya kuɗin saura. Dillalin da ya ƙi wannan, shi ma ya ba da amsa.

A ƙirga kusurwoyin ciki kuma. Mai kusurwa 12 ya fi saurin shiga a lungu, amma ƙarshen kusurwar noti kawai yake kamawa. Mai 6 yana rungumar noti gaba ɗaya, kuma tunda galibin motocin da ke hannun kanikawanmu tsofaffi ne da suka sha tsatsa da dukan hanya, a ganinmu mai 6 ya kamata ya fi yawa a rumfa.

Racet, wato hannun nan mai haƙora da ke ƙas-ƙas idan ana mayar da shi baya, shi ne ya fi komai tsada a akwati kuma shi ne ke fara mutuwa. Mai haƙora 72 yana kamawa da ɗan motsi na digiri 5, abin da ke da amfani a cikin injinan zamani masu cunkoso, mai 36 kuma sai an motsa shi digiri 10. A juya shi ta ɓangarorin biyu a saurara, kada a ji ya tsallake haƙori, a kuma fi son wanda aka rufe kansa da sukuru domin a iya buɗewa a wanke ƙurar hunturu. Amma gaskiya ɗaya ce, racet da yawa ba rashin inganci ke kashe su ba, al'adar nan ce ta zura masa bututun ƙarfe a hau kai da ƙafa. Babu kamfanin da ya ƙera racet don wannan. Maganin shi ne doguwar sandar nan marar haƙora, kuma ɗan kasuwa mai wayo tare yake sayar da su. Haka nan masu faci da suka sayi injin kwance taya mai aiki da iska ko batir, a gaya musu ƙarara cewa farin soket yana iya tarwatsewa a bakin injin ya ji wa mutum ciwo a ido. Nasu shi ne baƙin nan mai kaurin bango da aka rubuta wa Cr-Mo.

Game da suna da ƙasar ƙira, ko shakka babu Facom ta Faransa da aka kafa a 1918, da Gedore da Hazet na garin Remscheid a Jamus, kaya ne na gado, sai dai sabonsu ya fi ƙarfin yawancin kanikawanmu. Saboda haka idan aka kawo maka "ɗan Jamus" a farashin ɗan Sin, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A lura ma da rubutun da kyau, domin wasu sunan Jamus kawai suke bugawa ba tare da sun ce a can aka ƙera ba. Tsaka-tsakin da ya fi dacewa da aljihu da aiki shi ne kayan Taiwan irin su King Tony da Toptul da Force, sai kuma kayan Sin masu suna da wakilai sanannu irin su Ingco da Total. Ba kasancewa ɗan Sin ne aibu ba, a can ana ƙera kowane daraja gwargwadon abin da mai oda ya biya. Abin gudu shi ne akwatin da ba suna, ba adireshi, ba wanda za a koma wa. Gwanjon Turai kuma yakan fi sabo mai araha nesa ba kusa ba, matuƙar an leƙa an ga kusurwoyin ciki ba su cinye ba kuma babu tsaga a baki.

Masu sari a Kano, a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, su sayar da sefa, sun ga yadda naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957. Kayan ƙarfe ba ya ruɓewa, saboda haka babu dalilin karyar da mai kyau don gaggawa, amma a riƙa lissafi da kuɗin da za a sake saro shi, a kuma ajiye shi nesa da danshin damina, a shafa masa ɗan mai.

Bugu da ƙari, riba ba a cikin akwati kaɗai take ba. Lamba 10 da 12 da 14 kullum ɓacewa suke yi a gareji, kuma babu wanda zai sayi sabon saiti saboda guda ɗaya, don haka a saro su da dozin a sayar ɗai-ɗai. Wannan ne ma ke ba da damar taimaka wa yaron da aka yaye daga hannun maigidansa, wanda ya zo da 'yan jikkunan da dangi suka tara masa. Maimakon a ɗora masa mai guda 108 marar suna, a tambaye shi aikin da ya koya, a haɗa masa racet ɗaya mai kyau, da doguwar sanda, da sandar ƙari biyu, da soket kamar goma masu kusurwa 6 da na fulogi, sauran ya riƙa zuwa yana ƙarawa duk ran kasuwa.