Saƙon Ƙoda Zuwa ga Ɓargo: Yadda Jiki Ke Sabunta Jininsa

A wurin mutane da yawa, ɓargo shi ne abin da akan tsotsa daga cikin ƙashi bayan an gama cin nama. A wurin masana ilmin jikin ɗan Adam kuwa, shi ne maƙerar jini. A cikin ƙasusuwan ƙugu da haƙarƙari da gadon baya na baligi ake ƙera ƙwayoyin jini iri uku: jajaye masu ɗaukar iskar oksijin, da farare masu yaƙi da cuta, da ƙanana masu daskarar da jini idan an ji rauni. Dukkansu tsatsonsu ɗaya, watau uwar ƙwayoyi, wadda Till da McCulloch suka tabbatar da samuwarta a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1961.

Jar ƙwayar jini takan yi kamar kwana 120 kafin ta mutu, don haka tilas ɓargo ya fitar da sababbi wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya ɓargo, wanda ke rufe cikin ƙashi, yake sanin yawan abin da jiki ke bukata? Amsar ita ce, umurni ake aiko masa ta hanyar waɗansu sinadarai masu tafiya cikin jini, kowanne da irin ƙwayar da yake wa magana.

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne iritiropoyetin, manzon jajayen ƙwayoyi. Tun 1906 Carnot da Deflandre a Faransa suka yi hasashen akwai shi. Cikin 1957 Jacobson da abokan aikinsa a Shikago suka nuna cewa daga ƙoda yake fitowa. Sai 1977 Miyake da Goldwasser suka tace shi daga fitsari lita 2,550 da aka tara daga marasa lafiya a Japan.

Ga yadda al'amarin yake gudana. A cikin ƙoda akwai ƙwayoyi masu auna yawan oksijin da jini ke kawowa. Idan ya ragu, ko don zubar jini ko don hawa tudu mai tsawo, sai su ƙara sakin wannan sinadari. Da isarsa ɓargo sai ya manne wa ƙwayoyin da ke kan hanyar zama jajaye, ya hana su mutuwa tun suna ƙanana, su hayayyafa su balaga. In jini ya wadata, sai ƙoda ta sassauta, ƙira ta koma daidai. Binciken yadda ƙwayoyi ke auna oksijin shi ya sa aka ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza lambar yabo ta Nobel a 2019.

Sauran ƙwayoyin ma kowacce da manzonta. Idan cuta ta shiga jiki, akan saki sinadarin da ke gaggauta ƙera farare. Wanda ke kula da masu daskarar da jini kuwa, akasarinsa daga hanta yake fitowa, an kuma ware shi cikin 1994.

Amfanin wannan ilmi a bayyane yake a asibiti. Ƙarancin jini ba sababinsa ɗaya ba. Wani sinadarin ƙarfe ya rasa a abincinsa, watau kayan aiki ne suka yanke wa maƙeri. Mai ciwon sikila kuwa, jajayen ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kaɗai suke yi, ɓargonsa yana aiki ba hutu amma bai cim ma ɓarnar. Shi kuwa wanda ƙodarsa ta lalace, ɓargonsa lafiya lau yake, saƙo ne ya daina zuwa. Irin wannan ko ya sha maganin ƙarin jini kwalba nawa, da wuya ya wadatar da shi. Allurar iritiropoyetin da aka fara amfani da ita a Amurka cikin 1989 ita ke maye masa gurbin saƙon, amma da awo, domin in ta yi yawa takan kawo hawan jini da toshewar jijiya.

Saboda haka, wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, abin da ya kamace shi kafin sayen magani shi ne likita ya gano inda aikin ya tsaya: a kayan aiki, ko a maƙera, ko kuwa a wurin manzo.